Shekarar da Biba Ta Goyi Ɗan Farinta

Zafin bana ya zo da wuri. Tun azumi bai kai rabi ba tabarma ta fara ƙuna a baya, randa kuma in ka tsoma moɗa sai ka rantse a kan murhu ta kwana. Ina zaune ƙarƙashin rumfa a nan Filinge, gidan ɗana inda tsufa ya ajiye ni, sai ga jikata Rakiya ta dawo daga gidan likita, ɗanta yana tsala ihu an yi masa allura. Ta ce ƙyanda ce ta ɓulla a cikin mutanen da sunka baro garuruwansu daga wajen Sanam saboda rashin kwanciyar hankali, shi ya sa anka ce duk mai ɗa ya kawo shi. Tana magana tana jijjiga yaron, tana kiran sunansa da ƙarfi, har da sumbatarsa, a gaban ubanta, a gabana. Ɗan fari fa! Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai Biba ta faɗo mini a rai, na ja bakina na rufe.

Biba facalata ce, matar ƙanen mijina. Gida ɗaya munka zauna a ƙauyenmu na Kurfai, tafiyar wuni guda saura kaɗan daga Filinge in a ƙafa ne. Ni ce babba, tana ce mini Yaya. Abin da zan faɗa ya faru ne zamanin soja, a bazarar da ta biyo bayan damanar da ba ta yi ba. Hatsin shekarar ko gwiwa bai kai ba ya ƙone a tsaye. Kafin sanyi ya wuce an share rumbu da tsintsiya, mazajenmu duka biyu sun ɗaure 'yan tsummokaransu sun tafi biɗa kurmi, wato neman kuɗi can ƙasashen kudu. Anka bar mu a gidan, ni da yarana uku, Biba da nata biyu, sai uwar mazajenmu da muke kira Inna, da mijinta tsoho, Baba, wanda ke wuni bakin zaure yana tufka igiya.

Na ce Biba da nata biyu, amma da ita ka tambaya, ɗaya za ta ce maka. Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacinmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane da zarar an yaye shi. Ba ƙi ba ne, tarbiyya ce, da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ni ma na yi, amma tawa kunyar ta idon mutane ce, in na shige ɗaki nakan jawo nawa in tura masa ƙanzo a baki. Biba kuwa da gaske take yin tata. Ɗan farinta Idi yana cikin shekara ta huɗu, tun ran yaye yake ɗakin Inna, can yake ci, can yake kwana. In dole ta kama Biba ta ambace shi, sai ta ce "yaron Inna". Shi kuma Biba yake ce mata kai tsaye, yadda ya ji kowa yana faɗa. Mata sukan tsokane shi a rijiya, su ce, "Idi, wace ce uwarka?" Sai ya nuna Inna, a kwashe da dariya. Tsofaffin gari kuwa yabon Biba suke yi, in za a yi wa amarya faɗa da ita ake misali.

Inna da Idi kam sai Allah. "Mijina" take ce masa, shi kuma ya murtuke fuska ya ce ba ya son mata marar haƙora. Ko bayan gida za ta, yana riƙe da bakin zanenta.

Abincinmu a wannan bazara anza ce, 'ya'yan wani itacen daji, da ganyen jiga, sai 'yar jar dawa ta taimako da akan raba jefi-jefi a ƙofar maigari. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. A fasa, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, a yi ta yi har ɗacin ya sassauta, ga shi ruwan kansa sai an yi layi a rijiya tun duku-duku, guga na fitowa rabi ruwa rabi yashi. Mu masu ƙarfi muna rijiya da turmi, Inna ita ce mai zuwa daji ɗibar anza da sauran tsofaffi, don ta san inda itacen yake. Na kusa duk an tsince, kullum sai sun ƙara nisa.

Wata yamma maroƙin gari ya zaga da gangarsa, ya ce gobe masu allura za su zo daga Filinge, umarni ne daga sama, kowace uwa ta fito da ɗanta ƙofar maigari. A zamanin soja in an ce a fito, fitowa ake yi, ba a tambayar dalili. Amma mun san dalilin, don labari ya riga motarsu zuwa. An ce dussa, wato ƙyanda, tana cin yara a Yamai, babban birni, ta kuma fara taɓa garuruwan bakin hanya. Ba mu ma kama sunanta a gida mai yara, baƙo muke cewa.

Inna ta san halin baƙon nan sarai, ta binne biyu a dalilinsa tun tana yarinya. Takan ce ba kowace shekara yake zuwa ba. Sai ya yi shiru an manta da shi, ya bari an haifi sababbin yara sun taru, waɗanda bai taɓa kamawa ba, sannan ya shigo ya bi su gida-gida. Wanda ya yi shi sau ɗaya ya gama har abada. Kuma da zafi yake tafiya, lokacin da kowa ya baro gona an cunkushe a gari, rijiya ɗaya, inuwa ɗaya; da ruwa ya sauka an watse gona, sai ya tafi. Tun kafin yayen Idi ba mu ga baƙon ba, ke nan duk ƙananan garin danye ne a wurinsa.

Washegari da asuba ina ɗaure guga, Biba tana bakin turmi da jaririyarta Ladi a baya, sai ga Inna ta fito da ƙwarya a ka, Idi yana biye da ita yana murza ido. Na ce, "Inna, yau fa masu allura."

Ta ce, "Na ji. Mota daga Filinge, a yashin nan? Sai azahar in sun yi sauri. Kafin nan mun dawo ni da mijina. In na bar shi, kuka zai yi ta yi muku har ya shiɗe."

Na dubi Biba. Ta tsai da taɓarya a cikin turmi, bakinta yana motsi. Wallahi na ga maganar ta taso mata har maƙogwaro. Da ta ce "Inna, bar shi," da Inna ta bar shi, don ba mace ce mai gardama ba. To amma yaya za ta ce? Uwar mijinta ce, kuma a kan ɗan fari. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da daka, su kuma sunka fice.

Motar ba ta jira azahar ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba munka ji ƙuginta. Ashe da dare sunka taso, don maganin a cikin akwatin ƙanƙara yake, rana na yin tsaka ƙanƙarar ta narke, kuma suna da garuruwa a gaba. Wani gardi, ɗan sandan da ya rako su, ya jera mu da bulalarsa a hannu, ko da yake bai taɓa kowa ba. Wani ƙarfe ne da su mai kama da bindiga, a taka da ƙafa, a ɗora a dantsen yaro, ka ji tas, an wuce. Kuka kam ya tashi har awaki sunka watse. Anka yi wa nawa uku. Da anka zo kan Biba, likitan ya leƙa bayanta ya ce wannan ba ta kai wata tara ba, har yanzu ƙarfin jinin uwarta yana jikinta, a bari tukuna. Sannan ya ce, "Ba ki da wani?"

Ga maigari zaune, ga Baba a gefensa, ga matan gari kaf. Biba ta ja gefen kallabi ta rufe baki. Wata tsohuwa ta yi dariyar jin daɗi ta ce, "Kun ga ɗiyar mutane!"

Ni ba ni da wannan haƙurin. Na ce, "Tana da shi, likita, ɗan fari ne, yana daji da kakarsa."

Ya share zufa ya dubi rana. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, duk garin da sunka shiga sai a ce wasu suna daji, wasu suna tunga can bakin gonaki, wasu sun bi dabbobi. Ba za su iya jira ba. A kai shi ƙaramin gidan likita na garin kasuwa, can ma akwai maganin. Inna ta dawo da azahar kamar yadda ta ce, ta tarar da sawun taya a ƙofar maigari. Ta ajiye ƙwarya ta yi ta salati.

Ana gobe kasuwa, Biba ta same ni ina tankaɗe. Ta zauna ta karɓi rariyar daga hannuna, ta yi ta tankaɗe abin da ya riga ya tankaɗu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, in za ki kasuwa, ko yaron Inna zai raka ki?" Tunda nake da ita ban taɓa jin ta matso kusa da zancensa haka ba. Na ce zai raka ni.

Na aro jaki na ɗora shi munka tafi. Mu uku ne kawai masu yara a ƙofar likitan ran nan. Mutumin kirki ne, bai kore mu ba, har ya fito da 'yar kwalbar ya nuna mana. Ya ce ta yara goma ce, in ya fasa ta don mu uku, sauran ya mutu kafin yamma, kuma bai san ranar da za a kawo masa wata ba. Mu dawo kasuwa mai zuwa, mu gaya wa wasu a taru. Na yi masa magiya, na yi masa tsiya, na ce to ya ƙirga ni da jakina mu cika biyar. Ya yi dariya amma bai fasa ba. Kasuwa ta zagayo na sake ɗora Idi a jaki. Wannan karon mun fi goma, sai dai kananzir ɗin firigo, na'urar sanyaya maganin, ya ƙare tun tsakiyar mako, maganin duk ya lalace. Munka zauna a barandar tare da wata mata da ta zo daga Yamai, ɗanta kwance a cinyarta yana tari, idanunsa jajur. Idi sarkin surutu har ya matsa yana nuna masa jakinmu.

A makon ne anka ga wata. Ban taɓa yin azumi irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Kafin hantsi miyau ya ƙafe, da azahar yashi ba ya takuwa ko da takalmi, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa. Iska in ta taso, wuta ce. Daga azahar zuwa la'asar ba mai magana a gidan, kowa ya nemi gindin danga ya lafe, sai ƙarar igiyar Baba kawai. Da yamma a dama kunun tsamiya tsararo, a juye anza a akushi ɗaya, a ba yara su fara, manya su sha ruwa su yi hamdala. Biba tana shayarwa, an ce ta ajiye azumin, ta ce in ta ajiye mi za ta ci da rana?

Baƙon ya fara da gidan maƙera, ya tsallaka gidan liman, daga nan ba wanda ya iya bin sawunsa. Sai dai ko makaho ya ga yadda yake zaɓe. Yaran da anka yi wa allura yawanci ya tsallake su, nawa uku suna ta tsalle-tsallensu. Waɗanda sunka je daji ran nan, da 'yan tunga, da 'ya'yan makiyayan da ke zaune bayan gari, su ya bi. Kuma ya same su da ciki wayam. Samari ba sa gari, tsofaffi ne ke ɗaukar 'yan gawarwakin a hannu, a naɗe cikin guntuwar tabarma, su wuce ta ƙofarmu da sassafe kafin ƙasa ta yi zafin da ba ta haƙuwa.

Idi ya fara da zazzaɓi da majina. Sai tari, busasshe, mai fita da ƙyar. Idanunsa sunka yi ja, ya ƙi haske. Inna ta duba bayan kunnensa ta ga ƙuraje sun feso, ta ce, "Baƙo ya iso, a yi masa ladabi." Ta shigar da shi ɗaki ta saki asabari, ta toshe 'yar tagar da tsumma. Ba wanka, ba iska, ba mai ɗaga murya. Abin da ta gada ke nan, kuma kowa a garin haka yake yi, don an ce in iska ko ruwa ya taɓa yaro, ƙurajen su koma ciki su kashe shi. Ni ce mai shiga da fita. Ɗakin nan in ka shiga sai numfashinka ya tsaya, ga zafi, ga duhu, ga warin ciwo. Tsohuwar tana zaune da azumi a bakinta tana yi masa fifita da faifai, tana ce masa, "Mijina, in ka tashi zan sa haƙoran ƙarfe."

Biba ba ta shiga ba. Ko ba kunya ma, ga Ladi a bayanta. Amma ta ɗauke turminta daga inuwar da muke daka, ta kai shi bayan ɗakin Inna, inda rana ke duka tun safe. Na ce, "Ke, hauka kike? Ga inuwa." Ta ce ƙasar wurin ta fi tauri. Kunun da nake kai masa ita ke damawa, ta tace ta sake tacewa, ta miƙo mini ta ce, "Na ɗakin Inna." In na fito ba ta tambayata. Ƙwaryar take karɓa ta duba ko ta ragu.

Ƙurajen sunka bi jiki duka, sunka yi duhu, fata ta fara saɓa. Munka ce alhamdu lillahi, baƙo zai tafi. Ashe lokacin ne aikin ya fara. Zawo ya kama shi, bakinsa ya yi miki har ba ya iya haɗiya, idanun kuma sunka manne da ruwa mai kauri. Yaron da ba ya rufe baki ya koma ba ka jin komi sai numfashi. Wuyan hannunsa ya zama kamar kara.

Ranar da ba zan manta ba, gari ya wayi da wani irin nauyi, ba iska ko kaɗan, gabas ta yi duhu-duhu. Maƙwabta mata sun shigo gaishe da mai jiki, suna zaune a tsakar gida, Baba yana bakin zaure. Sai Inna ta ɗaga asabari ta fito da ƙwaryar kunu a cike yadda na kai ta. Ta yi taku biyu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Mijina ya ƙi ni yau. Ko ruwa. Na buɗe idon na ga fari-fari a ciki." Ta fashe da kuka, tsohuwar da ban taɓa ganin hawayenta ba.

Dakan da ke bayan ɗaki ya tsaya. Biba ta zagayo, ta kwance Ladi ta ɗora mini a cinya. Ta bi ta gaban Baba ba ta durƙusa ba, ta bi ta gaban Inna, ta shige ɗakin. Da ta fito, Idi yana bayanta, ta ɗaure shi tamau da zanen goyon Ladi, dogayen ƙafafunsa suna reto.

Wata maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Ke Biba! A gaban surukinki?"

Wata ta ce, "Iska fa! Za ki mayar masa da shi ciki!"

Biba ta nufi ƙofa. Baba ya janye ƙafarsa daga hanya, bai ɗaga kai daga igiyarsa ba, ya ce, "Ku bar ta." Sannan ya ce mini, "Hajo, goya ƙaramar ki bi ta. Filinge za ta."

Ban san Biba na da sauri haka ba. Ni da nake mata dariyar tafiyar hawainiya, ran nan da gudu-gudu nake bin ta. Yashi yana cin ƙafa, harshena ya manne, Ladi tana ta kuka a bayana don ta san ba bayan uwarta ba ne. Mun wuce rabin hanya hadarin ya taso. Iska ta fara zuwa da jar ƙasa har ba ka ganin tafin hannunka, munka ruga gindin wani gawo munka durƙusa, Biba ta juya yaron gabanta ta rufe shi da jikinta. Sai ƙanshin nan ya bugi hancina, ƙanshin ƙasar da ta shekara tana jira. Ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu sanyi, ruwan farko na shekarar. Na ce a raina shi ke nan, ga iska ga ruwa, mun kashe yaron mutane.

Sanyin ne ya farkar da shi. Ya motsa kai, ya ce da wata 'yar murya, "Inna?"

Biba ta ce, "Ba Inna ba ce."

Ya ɗaga hannu yana lalube, ya taɓa wuyanta, ya taɓa haɓarta. "To wa ya ɗauke ni?"

Ruwa yana zuba a kanta yana bin fuskarta. Sannan ta ce, "Ni ce, Idi."

Tunda anka raɗa masa sunan ban taɓa jin sa a bakinta ba. Yaron ya ce, "Muryar Biba ce."

"Biba ce. Ni na haife ka. Ni ce uwarka."

Ban sani ba ko ya gane. Can ya ce yana jin ƙishirwa. Ta tara tafin hannu ruwan sama ya cika, ta kai bakinsa, ya sha. Ta sake tarawa, ya sake sha. Ni kuwa ina gefe ina kuka ba kunya, azumina ma ban san inda ya kwana ba, don ruwa yana shiga bakina ban tofar ba.

Wani mai amalanken jaki ya tsince mu ya ƙarasa da mu Filinge kafin magariba. Gidan likita ya cika ya batse, yara kwance har gindin itatuwa, iyaye mata suna kare su da zane. Da layi ya zo kanmu, likitan ya wanke idanun ya buɗe su a hankali, ya duba, ya sake dubawa. Ya matsa masa wani ɗan magani mai maiƙo a baki, ya sa na ido, ya haɗa ruwan gishiri da sukari ya ce a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan. Biba ta ce, "Likita, idon?" Ya ce, "Rai za mu nema yanzu, baiwar Allah. Idon an makara."

An samu ran. Mun yi kwanaki a can, Biba ba ta sauke shi daga cinyarta ba sai in za ta ba Ladi nono. Kafin mu koma gida an yi ruwa na biyu, gari ya watse, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, masu tunga sun koma tunga. Baƙon ya tafi kamar yadda Inna ta ce yakan tafi. Ladi ma Allah ya tsare ta, da ta cika wata tara Biba da kanta ta bi gida-gida ta tara masu jarirai har sunka isa a fasa kwalba.

Ran da munka dawo, Inna ta karɓi Idi ta shafa fuskarsa ta ga idanun sun yi fari fat. Ta dubi Biba ta ce, "Ɗiyata, da kin ce mini in bar shi ran nan." Biba ta ce, "Na sani, Inna." Ba su sake tayar da zancen ba har Inna ta koma ga Allah. Ni dai ban ga wanda zan ɗora wa laifi a cikinsu ba, kuma har gobe tausayinsu duka biyu nake ji.

Daga shekarar Biba ta daina ɓoye shi. Idi kaza, Idi kaza, a rijiya, a gaban Baba, a gaban uban kowa. Tsofaffin da ke misali da ita sunka koma cewa kunyarta ta zube, ko a jikinta. Idi ya girma a gefen Baba ya koyi tufka, ya zama ba wanda ya kai shi igiya da saƙar gado a yankinmu, ya yi aure ya haifi nasa.

Shekarun baya kaɗan Biba ta rasu, na je zaman makoki. Da la'asar mutane sun ragu, na tarar da Idi zaune bakin zauren nan, furfura ta fara fito masa, kaba a hannunsa amma ba ya tufkawa. Ya ji takuna ya ce, "Iya Hajo, zauna in tambaye ki. Yaya fuskarta take?"

Na ce, "Haba Idi, ai da wayonka ciwon ya same ka. Ka gan ta."

Ya ce, "Ina tuna Inna da bakinta ba haƙora. Ina tuna Baba. Ke ma ina tuna wushiryarki, har jakin da kinka ɗora ni ina ganinsa. Ita kuwa duk lokacin da na ɗaga kai, ta riga ta kau da fuska. Kunnenta na sani, da ƙullin kallabinta."

Na yi ƙoƙari. Na ce doguwar fuska ce, da 'yar tsaga a kumatu, da ido manya. Na ji abin da nake faɗa bai kai ko'ina ba, kowace mace ma haka take. Sai na ce masa, "Abin da ban gaya maka ba, da ka ba da baya take kallonka. Ta saki taɓarya ta bi ka da ido har ka fice daga gidan. Kullum, Idi. Ni na gani."

Ya daɗe yana juya kabar a hannunsa. Sannan ya ce, "Da ta kira ni mana, Iya. Ai da na waiwayo."